Takalman Ustaz Fu'ad

Tun da aka idar da la'asar kuke cika mini kunne a ƙofar shagon nan: a kori koci, a kawo wani, wancan bai san komai ba. Ni ban hana ku ba. Musun ƙwallo daɗi gare shi, mu ma mun yi har muryoyinmu sun dishe. Amma ɗazu na ga ɗayanku ya ɗaga tsohon ƙwallon fatar can ya ce, “Wannan ai ɗinki ne kawai, ko ni sai in yi.” Shi ya sa na ce ku matso. Zan ba ku labarin sana'ar, in kuma gaya muku yadda abincin wani koci ya taɓa zama a hannuna ban sani ba.

Ƙwallon farko da na ɗinka sau uku aka farke shi. Ubangidana Baba Isa, Bakano ne da ya zo hajji a ƙasa ta Sudan, ya kafa shagon dukanci a unguwar Ammariyya a nan Jidda, kuma wurinsa mahaifina ya kai ni da muka tsallako teku. Aikinsa na ainihi faɗe ne, takalmin nan mai maɗauri da alhazai ke saye, sai kube da jakunkuna. Ƙwallo aikin gefe ne. Ma'aikatan mina, wato tashar jiragen ruwa, su ke kawo nasu in ya fashe. Ranar ya zube mini yankan fatar saniya guda goma sha takwas, ya ba ni basilla da allura biyu da zare da kakin zuma, ya ce in haɗa. A juye ake ɗinka shi, ciki a waje. Ka huda da basilla, allura ɗaya ta shiga ta nan, ɗaya ta can, ka ja da ƙarfi iri ɗaya tun daga ɗinkin farko har na ƙarshe. In ka gama ka juyo shi ta ɗan bakin da ka bari, ka cusa robar ciki, ka ba shi iska, ka ɗaure bakin da tsirkiya. Kwana huɗu na yi a kansa, yatsuna duk sun tsage. Baba Isa ya karɓa, ya gangara shi a daɓen shago. Ƙwallo ya tafi tiryan-tiryan, can sai ya karkata hagu ya shige ƙarƙashin benci. Wuƙa ya ɗauka ya bi ɗinkin ya farke. A karo na uku ne na yi ƙarfin halin tambaya, sai ya ce, “Da safe hannunka da ƙarfi, da yamma ka gaji. Ƙwallon ya nuna.”

Bayan wannan sai koyon ƙasar Jidda kanta. Filayen da ake wasa a lokacin sabkha ne, ƙasa mai gishiri, in ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Gishirin nan cin zare yake, shi ya sa muke cika wa zare kaki, mu shafe fatar da kitsen rago. In ka yi rowar kitse, fata ta tsage. In ka cika, damshin teku ya haɗu da shi, ƙwallo ya yi nauyi, yaro ya sa kai ya ga taurari. Ba wanda zai auna maka. A tafin hannu ake ji. Shekara tara ina gaban Baba Isa, da Allah ya yi masa rasuwa shagon ya dawo hannuna, mutane suka fara ce mini Mu'allim Musa.

Babban cinikina na ƙwallo wata kwalejin horon malamai ce ta wajen unguwar Sharafiyya. Ƙungiyarta ce tamu, don fiye da rabin 'yan wasan 'ya'yanmu ne, 'ya'yan Hausawan Sudan da na waɗanda aka haifa a nan. Duk Alhamis bayan la'asar unguwa takan watse zuwa fili. Mai horar da su Kabtin Usman ne, wani dogon Bahaushen Sudan da ke aikin ɗaga kaya a mina, in ya tashi aiki ya zo ya koya musu. Ba allo, ba usur. Ihu yake da Hausa, in ransa ya ɓaci ya juya Larabci. Yaran kuma ba takalmi suke wasa ba, sai dai wani ya naɗe idon sawu da tsumma. Tafin ƙafarsu in ka taɓa sai ka rantse fatar da nake yanka ce. Akwai Haruna, ɗan aminina, wanda ke buga gaba; in ya ɗauki ƙwallo sai dai ka ga ƙura.

Shugaban 'yan kallo kuwa Sale Direba ne. Babu wanda ya naɗa shi, murya ce Allah ya ba shi. Shi ke kwasar mu a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, shi ke da ganga, kuma a gahawar bakin layinmu, wato shagon mai shayi, inda muke zama kan dogayen kujerun igiya muna shan shayi, in Sale ya yanke hukunci a kan ɗan wasa to an gama.

Wata shekara, cikin shekarun sittin, ana buɗe makarantu sai labari ya zo cewa mudir, shugaban kwalejin, ya sallami Kabtin Usman. Dalili wai ba shi da shahada, kuma an ce duk mai horar da ɗalibai sai mai takarda. An ɗauko wani malamin motsa jiki daga Masar, Ustaz Fu'ad. Kai, ranar gahawa ta kama da wuta!

“Shahadar me?” in ji Sale. “Ƙwallo ake karantawa? Da ƙafa ake buga shi ko da alƙalami?”

Wani tela ya ce shi dai ya ji mutumin ya san aikinsa, a ba shi dama mana. Aka yi ca a kansa. Wani ya ce ai mudir surukin Ustaz ɗin ne, wani ya ce a'a, garinsu ɗaya da matar mudir. Ba wanda ya taɓa ganin mutumin, amma kafin magariba an san danginsa kaf. Ni ina ɓangaren Sale ɗari bisa ɗari. Kabtin Usman a shagona yake hutawa in ya taso daga mina, kofi ɗaya muke shan ruwa.

Duk da haka ƙwaƙwa ba ta bar mu ba, atisayen farko muka cika bakin fili don mu ga abin da takarda ke koyarwa. Sai ga wani gajeren mutum mai sanƙo, da gajeren wando, da usur a wuya, da agogon da ake dannawa ya tsaya. Ya kafa ƙaramin allo yana zana da'ira da kibiyoyi. Ya sa yara suka zagaya fili sau goma ba ƙwallo. Sale ya ce, “Halas, an kawo mana mai koyar da gudu.” Muka yi dariya har da riƙe ciki. Ni dai a raina agogon nan ya burge ni, amma ban faɗa ba. Kabtin Usman ma ya zo, ya tsaya can bayan raga ya harɗe hannu a baya. Haka ya riƙa yi duk shekarar.

Bayan kwana biyu Ustaz Fu'ad ya yi sallama a shagona da takalmin ƙwallo ƙafa biyu a hannu. Ya kira ni yadda suke kiran gwanin sana'a, ya ce, “Ya usta, an ce duk Jidda ba mai ɗinki kamarka. Gasar bana ba a shiga sai da takalmi. Ina son irin wannan, na mutum goma sha shida.” Na juya takalmin. Ban taɓa ɗinka rufaffen takalmi ba, Baba Isa ma bai taɓa ba. Amma mutum ya ce duk Jidda ba kamarka, kuma mutumin da kake zagi a gahawa, sai ka ce masa ba ka iya ba? Na ce ya dawo bayan sati uku.

Takalmin samfur ɗin nan ƙafa ɗaya na sadaukar, na farke shi filla-filla na baje a kan tebur don in ga yadda aka yi shi. Fatar sama yanka huɗu ce, da shafi mai laushi a ciki. Hancin an ƙarfafa shi da fata mai tauri. Tafin ninki biyu. Haƙoran ƙasa kuwa 'yan da'irorin fata ne, a jera uku a buga musu ƙusa, sai ka ɗora takalmin kan ƙarfe mai ƙafa uku ka lanƙwashe bakin ƙusar ta ciki don kada ta soki mutum. Don sabkha na rage tsawon haƙoran, kuma wannan dabara ta yi kyau. Sannan akwai galib, itacen da ake sassaƙawa siffar ƙafa a ja fata a kansa. Na sa wani kafinta ya sassaƙa mini girma huɗu, in ya so in riƙa liƙa musu ɓarɓashin fata har su dace da awon kowane yaro.

Awon na je na ɗauka a harabar kwalejin da hantsi, Ustaz yana aji. Na sa aka jera yaran kan benci, na durƙusa da takardar buhun siminti da fensir, kowa ya ɗora ƙafa na zagaye ta na rubuta sunansa. Haka Baba Isa ya koya mini. A wurinmu ba a barin mai ciniki a tsaye. Ka shimfiɗa masa, ya zauna, kai ka durƙusa. Sau dubu nawa na auna ƙafa haka, ba wanda ya taɓa dawo mini da faɗe ya ce ya matse shi.

Ranar da na kai takalman kowa ya yaba. Baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli, ɗinki kamar na keke. Ustaz ya bi yaran yana danna hancin takalmi da babban yatsa, suna zaune, ya ce, “Tamam.” Ya gaya musu sabon takalmi yakan ɗan ciji mutum, su daure zai saki. Sale da kansa ya ɗaga ɗaya sama a gahawa ya ce ko mutumin nan bai iya komai ba, ya dai san inda ake samun mai ɗinki.

Daga nan shekarar ta lalace. Wasan farko aka ci mu. Na biyu aka ci mu. Na uku da ƙyar muka yi kunnen doki da wata makarantar da a da ko 'yan benci Kabtin ya zuba sai sun lallasa ta. Haruna da ake ganin ƙurarsa sai ya koma tsayuwa yana jiran ƙwallo ya same shi. In aka dawo hutun rabin lokaci, yaran gaba ɗaya kamar an ɗaura musu duwatsu. Kowa a gahawa da nasa bayanin. Sale ya ce gudun banza ya tsotse su. Wani ya ce Ustaz ya mai da Haruna dama alhali ɗan hagu ne. Wani ya ce yaro ba ya jin tsawa sai da harshen uwarsa. Telan nan da ya ce a ba shi dama ya daina zuwa shan shayi.

A sati na huɗu mai tsaron baya ya kawo mini takalminsa, ɗinki ya fashe daidai ɗan ƙaramin yatsa. A nan ya kamata in tsaya in yi tambaya. Ɗinkina ba ya fashewa a wata guda. Amma da yake na riga na san mai laifi, sai na ninka zare na ƙara tamke wurin, na tafi gahawa na ce, “Gudun mutumin nan har takalmi yake kashewa.” Aka tafa mini. Wallahi har yau in na tuna tafin nan sai kunya ta kama ni.

Da abin ya ishi mutane sai Sale ya sa aka rubuta ma'arud, takardar koke zuwa ga mudir, cewa iyaye da masoya ƙungiya suna roƙon a sallami Ustaz Fu'ad a dawo da Kabtin Usman. Masu iya rubutu suka sa hannu, sauran suka dangwala. Nawa yatsan shi ne na uku daga sama. Mudir ya karɓa ya ce zai duba, mu dawo bayan hutun tsakiyar shekara mu ji amsa.

A hutun ne aka kawo mini takalman gaba ɗaya cikin buhu don in sake musu haƙora. To ku da kuke ganin aikin nan ɗinki ne kawai, ku saurara. Takalmin da aka sa yakan gaya wa baduku abin da mai shi bai faɗa ba. Na juye buhu na jera su. Abin da ya fara ba ni mamaki, haƙoran ba su ci daidai ba: na dunduniya sun cinye ƙurmus, na gaba kamar jiya na buga su. Ɗan ƙwallo a kan yatsu yake gudu, to me ya sa waɗannan ke taka dunduniya? Na ɗauki na Haruna na duba gefe, fatar ta kumburo ta yi fari wajen ƙaramin yatsa da wajen babban. Na zura hannu ciki, sai na ji shafin ya yi tauri. Na kai shi bakin ƙofa wurin haske na buɗe. Jini ne, ya bushe ya yi baƙi, wani kan wani. Na ɗauki na biyu, haka. Na uku mai shi ya tsaga gefen da reza, ya shafe tsagar da baƙin mai don kada a gani. Cikin goma sha shida, na mai tsaron gida ne kawai lafiya lau, shi kuwa dama siririyar ƙafa gare shi.

Na aika aka kira mini Haruna. Na lalubo takardar awonsa na shimfiɗa a ƙasa, na ce ya zauna ya ɗora ƙafa. Ta zauna cikin zanen daram. Na ce, “Tashi tsaye.” Yana miƙewa ƙafar ta baje, yatsun suka warwatsu, ta haura layin fensir da kusan faɗin yatsa ta kowane gefe. Ƙafar da ta shekara goma sha takwas ba ta san takura ba, in nauyi ya hau ta buɗewa take. Faɗe a buɗe yake, ƙafa ta baje yadda ta ga dama, shi ya sa awon zaune bai taɓa ba mu kunya ba. Rufaffen takalmi kuwa ba inda za ta je.  Na dubi yatsun yaron, farce biyu sun fita.

“Haruna, wata uku kana cikin wannan azaba, bakinka ciwo yake?”

Ya sunkuyar da kai. “Baba, kai fa ka ɗinka da hannunka.”

“To sai me?”

“Kai ka yi mini huɗuba da aka haife ni. In zo in ce maka aikinka bai yi ba? Mun yi shawara da sauran, muka ce mu daure, Ustaz ya ce zai saki.”

“Shi Ustaz ɗin kun gaya masa?”

“In mun gaya masa ai ƙararka muka kai wurin baƙo.”

 Na ji haushin yaran, na ji tausayinsu, amma haushin kaina ya fi.

Da azahar na tari Kabtin Usman a hanyarsa ta dawowa daga mina, na nuna masa takalmin. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce, “Tun wasa na biyu na ga suna taka ƙasa kamar masu tafiya kan garwashi.”

“Ka gani ka yi shiru, ya shekh?”

“In faɗa a gahawa in kashe maka kasuwa? Na ce kai mai sana'a ne, za ka gano.” Ya miƙo mini takalmin, sannan ya ce, “Kuma ba zan ɓoye maka ba, Musa, raina yana son komawa filin nan. Je ka faɗa. Ni na kasa.”

Ranar da za a koma wurin mudir, jama'a sun taru a gahawa da hantsi, Sale ya sha farar riga. Na zo da buhuna na juye a tsakiyarsu. Na nuna jinin, na nuna tsagar reza, na shimfiɗa takarda na auna ƙafar Sale a zaune, na ce ya tashi, kowa ya ga yadda ta haura layi. Na ce, “Jama'a, mutumin nan ba shi ya karya ƙungiya ba. Ni ne. Ku cire yatsana daga takardar nan.”

 Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ban san 'yan kallo ba, duk da ni ma ɗaya ne daga cikinsu.

Sale ya gyara hula ya ce, “Mu'allim, Allah ya saka maka, kai mutumin kirki ne. Amma kocin da yaransa ke zubar da jini wata uku bai sani ba, koci ne?”

“Sun ɓoye masa ne saboda ni!”

“Da Kabtin ne da ya gani.”

“Kabtin ya gani, ya yi shiru!”

“To ka ji, ya gani. Shi wancan bai gani ba. Yalla, mu tafi, rana na yi.”

Aka ce haka ne, haka ne, aka ɗuru a mota. Na ɗauki buhuna na hau tare da su har Sharafiyya.

A ofis ban bari Sale ya buɗe baki ba, na riga shi. Mudir ya saurare ni har ƙarshe, ya karɓi takalmin Haruna ya leƙa ciki, ya ajiye a hankali. Ya ce, “Da ka zo kafin hutu, ya Mu'allim.” Ya ce ya riga ya aika takarda sama tare da ma'arud ɗinmu, an amsa, an soke kwantiragin Ustaz, har an ba da sunan wanda zai maye gurbinsa. Sati biyu suka rage wa Ustaz. Na ce a sake rubuta wata takardar, ni zan dangwala da yatsu goma. Ya ce takardar da ta hau ba ta saukowa. Sale ya tambaya ko Kabtin Usman ne zai dawo. Mudir ya ce a'a, wani ne daga Tunis, shi ma mai shahada.

Na sami Ustaz Fu'ad a ɗakin ajiye kayan wasa yana sace iskar ƙwallaye. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ban rage komai ba, har da yatsana na uku daga sama. Na shirya wa zagi, ko mari ma. Sai ya karɓi takardar awon yana juya ta, ya ce in sake nuna masa. Ya cire takalminsa ya gwada da tasa ƙafar, zaune da tsaye. Tasa ko motsi ba ta yi ba, ƙafar da ta tashi cikin takalmi ce. Ya ce, “Subhanallah. Shekara huɗu ina karatu, ba wanda ya gaya mini wannan.” Ya mai da takalminsa, sannan ya ce, “Ni kuma na ce musu su daure.” Idonsa ya kawo ruwa. Yana da mata da 'ya'ya uku a ƙasarsu, aikin nan ne abincinsu.

Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ya usta, fata nawa gare ka a shago?”

Sati biyun nan kullum yana wurina. Shi ya ce a auna yaran bayan atisaye, lokacin da ƙafa ta kumbura, kuma da safa. Sai ya kawo su huɗu-huɗu, yaro ya tsaya kan takarda, Ustaz ya dafa kafaɗunsa ya danna, ni ina durƙushe ina zagayewa. Ya sa na riƙa auna kaurin ƙafa da zare ban da faɗinta. Kafinta ya sake sassaƙa galib masu faɗin gaba. In na haɗa ɗaya, Ustaz ya sa yaro ya yi gudu zuwa bakin layi ya dawo, ya cire, shi da kansa ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, don ya ce bakinsu ba abin yarda ba ne. Har Hausa ya koya, kalma biyu: “Da zafi?” Yaran su yi ta dariya. Ƙafa tara muka gama jirginsa ya tashi zuwa Suwes ta ƙasar Masar. Sauran shida ni kaɗai na ƙarasa, don na mai tsaron gida bai buƙaci sakewa ba.

Sabon kocin ya iso ya tarar da yara masu numfashin doki, saboda gudun da muke yi wa dariya, ga takalma daidai ƙafa. Bai canza komai ba, ko Haruna bai mayar hagu ba. Suka fara ci. Shekarar da ta biyo suka kai wasan ƙarshe na gasar makarantu, Haruna ya zura biyu, aka ba mu kofi. Fili ya rikice, ganga kamar za ta fashe. Sunan Kabtin Usman ko mutum ɗaya ban ji ya ambata ba, yana can bayan raga da hannu a baya. Sale da mutanensa suka ɗaga Batunishen nan a kafaɗa suna zagaya fili. Da suka zo daidai inda nake, Sale ya hango ni, gumi na zuba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

“Mu'allim! Ka gani? Ba mun ce matsalar koci ce ba?”

Na buɗe baki, ganga ta danne ni, suka wuce da kofinsu. Ustaz Fu'ad ban sake jin ɗuriyarsa ba. Bai taɓa ganin yaran nan sun buga wasa ko ɗaya da takalmin da ya yi musu daidai ba.